An Ce Manhajar Ba Ta Fasuwa, To Wa Ya Kai Maganata Kano?

Assalamu alaikum Anti Maimuna. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, don rabon da in yi doguwar magana da wani mahaluƙi an fi wata huɗu. Sunayen da zan ambata na canza su, amma duk abin da ke ciki haka ya faru.

Ni 'yar Kano ce, shekarata arba'in da bakwai, goma sha tara daga ciki a Manchester na yi su. A Old Trafford muke zaune. Maigidana Junaidu likita ne, amma irin aikin nan na cike gurbi yake yi, wannan makon yana wannan gari, mako mai zuwa yana wancan. 'Yarmu ɗaya ce, Rumaisa, ta tafi jami'a shekara biyu da suka wuce. In na kira ta ina yi mata Hausa tana mayar min da Turanci, kafin minti uku ta ce tana sauri. Ina aiki kwana uku a mako a wani kantin magani, sauran kwana huɗun kuwa daga ni sai bango. Ranar da ake wasan ƙwallo mutane ne suke wucewa ta layinmu kamar ba za su ƙare ba, da jajayen riguna suna waƙe-waƙensu. Sai in tsaya a taga da kofin shayi ina kallonsu, wallahi har sha'awa suke ba ni, don ko ba komai kowa da abokin tafiyarsa.

Mutum ɗaya nake da ita a ƙasar nan, aminiyata Murja. Tun makarantar kwana muke tare, gadonta yana sama nawa yana ƙasa. Ita a Aston take, can Birmingham, da mijinta da 'ya'yanta uku. Ba kullum muke haɗuwa ba, a shekara bai fi sau uku ko huɗu ba, amma kullum ta Allah sai mun yi magana.

Shekara biyu baya aka yi wani suna a unguwar Moss Side, nan Manchester. Ana cikin cin abinci sai hira ta kai kan wata baiwar Allah da aka yaɗa saƙon muryarta a wani guruf na mata har aurenta ya girgiza. Akwai wani Injiniya Ishaq a wurin, masanin kwamfuta ne, kowa shi yake kai wa waya in ta rikice. Shi ya ce mu daina wasa da sirrinmu, akwai manhajar da ba a taɓa fasa ta ba kuma ba za a taɓa ba. Ya ce ko gwamnati ba ta iya leƙa abin da ke ciki, ko duk kwamfutocin duniya za a haɗa sai su shekara dubu ba su buɗe saƙo ɗaya ba. A fuskar waya ma ba ka ganin alamarta, hoton kalkuleta za ka gani, sai ka taɓa ta nemi lamba. Nan take ya saka mana, mu kusan goma. Da ya ce in zaɓi lamba sai na sa wadda nake sawa a komai, shekarar da na haifi Rumaisa, don ni kaina ba ya riƙe lamba biyu. Na koma gida na sa Murja ta sauke tata.

Anti, daga ranar na saki jiki. Murja tana cikin bas za ta aiki, ni ina wanke-wanke, sai in danna in yi ta zuba, minti goma, minti ashirin. Abin da ban taɓa faɗa wa ko mahaifiyata ba na faɗa a cikin wannan kalkuletar. Na gaya mata na je wurin GP, wato likitan unguwarmu, saboda kukan da nake yi ba dalili, ya rubuta min magani, ya kuma haɗa ni da wata Baturiya da nake zuwa muna tattaunawa duk Talata. Na gaya mata wani lokaci nakan hau tram, jirgin ƙasan nan na cikin gari, in je har ƙarshen layi in dawo, ba inda za ni, kawai don in zauna kusa da mutane. Wata rana kuma raina a ɓace, na ce mata Junaidu ya zama kamar ɗan haya a gidan nan, ya shigo ya ajiye jaka, a wanke kaya, ya ɗauka ya fita. Murja dariya ta yi, ta ce in ƙara masa kuɗin haya. Haka take, ko ina kuka sai ta sa na yi dariya.

Bayan babbar Sallah da kamar mako biyu sai ga kiran Hajiyata daga Kano tana kuka, wai me ya same ni na ɓoye mata, an ce na samu taɓin hankali har ana ba ni ƙwaya, ina yawo a jirgin ƙasa ban san inda nake ba. Innalillahi! A ƙasan kicin na zauna. Ban gama da wannan ba sai Yaya Sunusi, wan maigidana, ya kira shi ya ce ya kula da gidansa, matarsa tana kiransa ɗan haya. Kalmar nan dai, Anti, ba ragi ba ƙari. Junaidu bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Tambayata kawai ya yi ko abin da ya zama ke nan a wurina, ya ɗauki jakarsa ya koma aiki kwana biyu kafin ranar komawarsa.

Da na matsa wa Hajiya sai ta ce daga bakin Ruƙayya maganar ta fito, ƙanwar Junaidu. Wannan ya ƙara ƙona min rai, don ba abin da ban yi wa yarinyar nan ba. Ko da ƙaramar Sallah, da Alhaji Gimba maƙwabcinmu zai je gida, ita na aika wa wayata da ban yi shekara uku da saya ba, don na canza sabuwa. Garau take, ko ƙwarzane babu. Na cire layina, na goge hotuna tas, na haɗa mata da caja da sabon gidan waya, har na rubuta mata lambar buɗewa a takarda na manna a baya don kada ta sha wahala. Ga turare, ga takalman yara. Abin da ta saka min da shi ke nan. To amma Ruƙayya ba ta da ido a Manchester, wani ne ya gaya mata. Kuma ƙanwar Murja a unguwa ɗaya suke aure da Ruƙayya, makarantar Islamiyya ɗaya suke zuwa. Kin ga hanya a miƙe take.

Duk da haka ban yi gaggawa ba. Na kira Injiniya Ishaq na tambaye shi ko zai yiwu wani ya shiga manhajar ya saurari saƙonnina. Dariya ya yi, ya ce in cire wannan a raina, ba ɗan Adam ɗin da zai iya, in dai magana ta fita to bakin mutum ne ya fitar da ita, in duba wanda nake magana da shi. Mutum ɗaya nake magana da ita a ciki.

Na aika wa Murja saƙo mai zafi. Na ce ta ci amanar shekara talatin da biyar, na ce dama tana sauraro ne don ta samu na kai wa gida. Ta kira ni ya fi sau ashirin ban ɗauka ba. Ta turo saƙo tana rantsuwa da Allah tana kuka, cewa ko mijinta bai taɓa jin kalma ɗaya ba. Na toshe ta ko'ina. A watan Agusta, wata Asabar da rana, ta hau jirgin ƙasa tun daga Birmingham ta zo ƙofar gidana. Ina ganinta ta labule. Ana yayyafi, ta yi ta danna ƙararrawa, ta ɗaga marfin ramin wasiƙa da ke jikin ƙofar ta kira ni da sunan da take kirana tun muna aji ɗaya. Ina zaune a kan matattakala, taku biyar tsakaninmu, na toshe bakina da mayafi. Ta fi minti ashirin a tsaye kafin ta tafi. Da na buɗe sai na tarar ta ajiye min robar dambun nama a bakin ƙofa. Na ci, Anti. Ina kuka na cinye shi a kwana biyu.

Tun daga nan na daina zuwa wurin Baturiyar ranar Talata, don gani nake duk abin da na faɗa gobe yana Kano. Maganin ma wata rana in sha, wata rana in bari. Hajiya ta aiko min da rubutu da kayan hayaƙi, suna nan a leda. Yanzu sanyi ya shigo, ƙarfe huɗu na yamma gari ya rufe, in dawo daga aiki in kunna rediyo don kawai a ji motsi a gidan. Wani lokaci sai in ɗauki waya in taɓa kalkuletar, in sa lamba, in zauna ina kallon sunanta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, mako biyu da suka wuce mai kawo wasiƙa ya miƙo min ƙunshi. Atamfa ce, anko na bikin Su'ad, babbar 'yar Murja, wadda a hannuna aka fara yi mata wanka. Ba takarda a ciki sai katin biki, saura mako uku. Tana nan a kan kujerar falo, ban kai ɗinki ba, ban mayar ba.

Wani lokaci ina tambayar kaina, shi Injiniyan waye ya gwada ya gaya masa ba ta fasuwa? To amma shi ya karanta abin, ni me na sani? Anti, da gaske ne ba mai iya shiga irin wannan manhaja? In da gaske ne, to Murja ce, kuma ban san yadda zan zauna a bikin nan ina kallonta ba. In kuma ba gaskiya ba ne, to ni na bar aminiyata a tsaye cikin ruwa. Duka biyun tsoro suke ba ni. Ki gaya min abin da zan yi da atamfar nan.

Taki,
Mai kallo ta taga, Old Trafford

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu, Allah ya yaye miki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, a karo na biyun ne na tsaya a wani wuri da kika wuce da sauri saboda haushin Ruƙayya. Ki gyara zama, don abin da zan faɗa zai yi miki daɗi ta wani ɓangaren, ya yi miki ciwo ta wani.

Kin ce mutum ɗaya kike magana da ita a manhajar. Haka ne. Amma wayoyi nawa ne manhajar take ciki? Akwai ta Murja, akwai sabuwarki, akwai kuma tsohuwar da Alhaji Gimba ya ɗauka a jakarsa da ƙaramar Sallah. Kin cire layi, kin goge hotuna, amma ba ki ce kin goge kalkuletar ba, kuma ina zaton kin mance da ita ne saboda an yi ta ne don a mance tana nan. Da yawan irin waɗannan manhajoji ba ruwansu da layi, in dai ba ki fita daga cikinsu ba, abin da ke ciki yana nan zaune. Lambarta kuwa ke da kanki kika ce ɗaya ce a komai, kuma ke kika rubuta ta da hannunki kika manna a bayan wayar. Ki lissafa watannin: waya ta sauka Kano da ƙaramar Sallah, magana ta tashi bayan babba, kuma daga bakin wadda wayar take hannunta. Haba 'yar'uwa!

Ban ce na tabbatar ba, don ban ga wayar ba. Zai yiwu ta wata hanya ce, kuma ban san Murja ba balle in rantse a kanta. Zarginki ma ba daga sama ya faɗo ba, ga ƙanwarta a unguwa ɗaya da Ruƙayya, ga masani ya ce miki ba wata ƙofa. Amma ki lura da abu ɗaya. Maganar da ta bi baki uku kafin ta isa, da wuya ta isa da kayanta cif. Taki ta isa da tram ɗinta, da ƙwayarta, da ɗan hayarta kalma da kalma. Wannan ya fi kama da wanda ya kara waya a kunne ya ji muryarki.

Kan tambayarki ko da gaske ba mai iya shiga, ni dai duk wanda ya ce min abu ba zai taɓa fasuwa ba, a nan nake fara shakkarsa. Masu gaskiya a wannan fanni cewa suke yi yana da wuya, ba sa cewa ba zai yiwu ba. Mai yiwuwa Injiniya ya yi daidai cewa saƙon a kulle yake tafiya daga waya zuwa waya, ba mai tare shi a hanya. To amma in ya sauka fa? A hannun mutane yake sauka, masu ba yara waya su yi wasa, masu kunna saƙo a mota da baƙi a ciki, masu kai gyara, masu aika tsohuwa gida tsaraba kamar yadda duk muke yi. Kamar ki sayi kwaɗo mai tsada ne ki bar mukullin a jiki. Laifinsa a wurina shi ne da kika kira shi cikin tashin hankali bai tambaye ki komai ba, ko kin canza waya, ko wa ya san lambarki, sai ya kare manhajarsa ya nuna miki mutum.

Yau ɗin nan ki canza lambar, kuma ki daina sa shekarar Rumaisa a komai, duk danginki sun san ta. Ki duba cikin manhajar ko akwai wurin da yake nuna wayoyin da take buɗe a kansu, in kin ga tsohuwar ki fitar da ita. In kin kasa, ki nemi wanda ya iya, ba lallai sai Injiniya ba. Sannan ki kira Ruƙayya, ba da faɗa ba, ki tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa kalkuletar nan. In ita ce, ta yi kuskure babba da ta saurari abin da ba nata ba, ta kuma ƙara da yaɗawa, ko da tsoro ne ya sa ta. Wannan ku warware shi da yayanta Junaidu a tsanake. Shi ma ki zaunar da shi ki gaya masa abin da ya sa kika faɗi kalmar, don da alama ya ji kalmar ne bai ji kaɗaicin da ya haife ta ba.

Ki koma wurin GP ki gaya masa yadda kike shan maganin, kada ki ci gaba da sha yau ki bari gobe. Ki koma zaman Talata. Ba hauka kike yi ba, damuwa ce da kaɗaici, kuma ana warkewa. Ki yi wa Hajiya bayani da bakinki a hankali, ki karɓi addu'arta, uwa ce ta tsorata.

Sai Murja. Kada ki jira sakamakon bincike kafin ki neme ta. Ko da a ce ba a taɓa gano hanyar da maganar ta bi ba, kin yanke mata hukunci ba ki saurare ta ba, ta yi miki rantsuwa kin ƙi, ta zo ƙofarki kin bar ta a waje. Duk da haka ta yanki atamfa ta rubuta adireshinki. Ba na ganin mai cin amana tana wannan wahalar. Kuma ki shirya, zai yiwu ta yi fushi, zai yiwu ta faɗa miki maganganu, tana da haƙƙi. Kada ki kare kanki da Injiniya ko da manhaja, ki ce kin zalunce ta, ki nemi gafara.

Gobe ki kai atamfar wurin tela ki ce aikin gaggawa ne, mako uku ba yawa. Amma kada ranar biki ta zama ranar da za ta fara ganinki, cikin mutane ba a wannan maganar. Asabar ɗin nan ki wanke robar dambunta, ki zuba wani abu a ciki, ki hau jirgi zuwa Birmingham. Kada ki tura saƙo ta kowace manhaja, ki je da ƙafarki ki danna ƙararrawa. In ta bar ki a tsaye, ki tsaya, ko da ana ruwa, kin san minti nawa ta yi a taki ƙofar.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyar Murja, ya sa a yi bikin Su'ad kina cikin masu raba abinci.

Anti Maimuna